Sallah ta matso: wa zai tsare mana shaguna idan kowa ya tafi gida?

Mai Kayan Masarufi (Birnin Kebbi):
Assalamu alaikum 'yan'uwa 'yan kasuwa. Ina roƙon a ba maganar nan muhimmanci tun lokaci bai ƙure ba. Babbar Sallah ta matso, kuma yawancinmu da ke layin nan ba 'yan cikin gari ba ne. Wani Argungu zai tafi, wani Jega, wani Yauri, wani Bunza ko Dakingari. Hutun da gwamnati ta saba bayarwa kwana 2 ne, amma kowa ya san kasuwa ba ta dawowa daidai sai an kusa mako, sai an gama suyar nama da gaishe-gaishe.

A bara an shiga shagunan wasu maƙwabtanmu ta sama. An ɗaga kwano, an fasa silin, kwaɗunan ƙofa kuwa suna nan lafiya lau. Ba wanda ya gane sai da masu shagunan suka dawo. Ɗaya daga cikinsu har yau bai farfaɗo ba, domin mafi yawan kayan bashi ne ya ɗauko daga Kano, kuma masu kaya ba ruwansu da labarin ɓarawo.

To me kuke yi a wurarenku? In kwashe kaya in kai gida? In sa kyamara? Ko mu haɗa kuɗi mu ƙara maigadi? Wanda ya san wani abu ya taimaka mana.

Baba Mai Shinkafa (Argungu):
Wa alaikumus salam. Allah shi yi maka albarka, ɗana. Tun muna yara munka iske iyayenmu ba su barin kasuwa ba kowa, ko da ranar Idi. Ɓarawo ba ya faɗa wa shago haka kawai. Sai ya san mi ke ciki, ya san ranar da mai shi ya tahi, ya san ranar da za shi dawo. Abu ukun ga su za ku ɓoye, kahin ku kai ga maganar ƙarfe.

Mai Walda (Badariya):
Gaskiya ne Baba, amma ƙarfen ma yana da nasa aiki, kuma shi ne abin da na sani, bari in yi bayani.

Mutane sukan sayi ƙaton kwaɗo mai ƙyalli su ce sun gama. Nauyin kwaɗo ba shi ne ƙarfinsa ba. Abin da ɓarawo ke dubawa shi ne wuyan kwaɗon, lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke shiga kunnen ƙofa. In yana fili, almakashin yankan rodi ya ishe shi, ko ƙaramin injin yankan ƙarfe mai batir wanda yanzu ko'ina ana sayar da shi. Maganinsa a yi wa kwaɗon akwati: a walda masa murfin ƙarfe mai kauri, a bar ƙasa kawai a buɗe, yadda hannu da makulli za su shiga amma bakin almakashi ba zai samu wurin kamawa ba. Sannan a duba kunnen ƙofar shi kansa. Sau da yawa za ka ga kwaɗon mai tsada ne, kunnen kuwa siririn ƙarfe ne da aka ɗiga wa walda sau biyu. Guduma ɗaya ta raba shi da ƙofar.

Hinjin ƙofa ma haka. In yana waje, a cire sandarsa a ɗage ƙofar gaba ɗaya ba tare da an taɓa makulli ba. A walda gajerun rodi a gefen ƙofar ta ciki, waɗanda ke shiga cikin firam idan an rufe. Masu shata kuma, ƙofar nan ta naɗewa, ku daina dogara da kwaɗon gefe da gefe kaɗai. Tsakiyarta ake cusa wa ƙarfe ko jak ɗin mota a lanƙwasa. A sa mata makulli na uku a tsakiya wanda ke kama da ƙasa.

Amma abin da Alhaji Mai Kayan Masarufi ya faɗa shi ne babbar magana: sama da baya. Shagon da ba dekin ba ne, tsakaninsa da ɓarawo kwano ne da kwalin silin kawai. A shimfiɗa ragar rodi tsakanin kwanon da silin, a matse ramukan yadda ko yaro ƙarami ba zai ratsa ba, domin wani lokaci yaro ake zurawa ya miƙo kaya. Bangon baya kuma, in bulon inci 6 ne mai rami kuma yana kallon lungu ko kango, cikin dare guda ana huda shi. Ku tuna Sallar layya a shekarun nan da damina take zuwa. Idan ruwa na dukan kwanon kasuwa, ko a kusa da kai ake fasa bango ba za ka ji ba.

Mai Kayan Masarufi (Birnin Kebbi):
Allah ya saka da alheri, maigida. Ragar rodin nan za a iya gama ta kafin Sallah?

Mai Walda (Badariya):
In shagon ƙarami ne kuma akwai wuta ko janareto, aikin yini ne zuwa biyu. Amma a zo yanzu. Ranar jajibiri kowa yake tunawa da mai walda, a lokacin kuma aikin gaggawa ake samu, ba mai kyau ba.

Mai Kemis (Gesse):
Ina da ƙari a kan maganar ƙarfe, don kada mu guje wa wata masifa mu faɗa wata. Duk wanda ke garin nan a 2016 ya ga abin da gobara ta yi wa Babbar Kasuwar Birnin Kebbi. Shagon da aka lulluɓe da rodi ta ko'ina, mai shi yana Yauri da makulli a aljihu, idan wuta ta tashi a maƙwabta ba mai iya fitar da ko kwali ɗaya. Saboda haka duk mai tafiya ya bar makulli guda a hannun amintaccen mutum da ke cikin gari, wanda za a iya samu da tsakar dare. Kuma a kashe wuta tun daga babban makunni, a zare komai daga soket. Wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi ita ke ƙona wayar wuta. Masu barin batir ko fitila a caji su tafi, don Allah ku bari.

Mai Wayoyi (Jega):
Ni dai a ganina zamani ya wuce maganar maigadi da tocila. Kyamara ce magani. Akwai mai ƙaramin faifan sola da batir a jikinta, ka sa mata layin waya, ba ruwanta da ɗauke wuta. Kana gidanku kana cin naman Sallah, da wani abu ya motsa a shago za ta turo maka saƙo ka gani a wayarka. Maigadi yana barci, yana tafiya Idi, ana iya haɗa baki da shi. Kyamara ba ta yin ko ɗaya.

Ga masu sana'a irin tawa kuma: ku rubuta lambar IMEI ta kowace waya da ke shago. Lamba 15 ce, tana jikin kwali, kuma in ka danna *#06# za ta fito. Ku ajiye littafin a gida, ba a shago ba. In an yi sata, ita ce 'yan sanda za su fara tambaya, kuma ita ce babbar shaidar cewa wayar da aka gani a hannun wani taka ce.

Ɗan Gusau Mai Takalma:
Ɗan'uwana na Jega, ka yi magana mai amfani, amma mu a Zamfara mun ga iyakar kyamara. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a jihar nan gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Duk wanda tsaronsa ya rataya a kan saƙon waya, a lokacin ya koma makaho. Ba na yi muku fatan haka, amma ko ba a katse ba, sabis yakan yi rauni ranar Sallah da kowa ke kira.

Sannan ka ɗauka saƙon ya shigo ƙarfe 2 na dare, kana ƙauye, kana kallon mutum fuska a rufe yana loda kayanka. Wa za ka kira? In ba ka da mutumin da zai isa wurin cikin mintuna kaɗan, abin da ka samu kawai shi ne ka kalli asararka da idonka. Ni ina da kyamara kuma ban ce kada a sa ba. Tana hana ƙananan ɓarayi, tana nuna ta inda aka shigo. Amma a ɗora ta sama inda hannu ba ya kai, a ɓoye na'urar da ke adana hotunan, don in suka gan ta da ita suke tafiya. Kuma dole a bayanta akwai mutum.

Mai Wayoyi (Jega):
Na yarda sai da mutum a bayanta. Amma wane mutum? Matsalar kenan. Mu a layinmu duk satar da aka yi, in an bi diddigi sai a ga da hannun na ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya san inda kake ajiye kuɗi? Wa ke riƙe makulli ya je ya buɗe da safe? Yaron shago. Minti nawa ne a yanka wani makullin a bakin kasuwa?

Ƙanin Kowa (Bayan Kara):
Ina neman afuwar manya, amma maganar nan ta taɓa ni, ba zan iya shiru ba. Na yi shekaru ina yaron shago kafin maigidana ya sallame ni na buɗe nawa. Na san abin da ake ji idan an wayi gari an fasa shago. Kafin a duba rufi, kafin a tambayi maigadi, yaron ake kallo. Na san yaron da aka kai caji ofis ya kwana, mahaifiyarsa tana kuka a bakin ƙofa ranar yawon Sallah, daga baya aka kama ɓarayin a wani gari suna sayar da kayan, ba su ma san shi ba. An sake shi, amma har ya bar kasuwar ana nuna shi da baki. Wa ya biya shi wannan?

Ban ce babu yara marasa amana ba, akwai. Amma ku ma iyayen gida ku dubi kanku. Yaro ya yi maka wahala tun azumi, ya ga cinikin da aka yi, ranar jajibiri ka rufe shago ka hau mota ba ka ba shi ko kuɗin ɗinki ba. Sannan ka bar masa makulli ba tare da an ƙirga komai ba. In ka dawo ka ga kamar kaya sun ragu, ba kai ba shi ba wanda ke da hujja. Ni abin da nake yi da yarana shi ne, daren da za mu rufe mu ƙirga kaya tare, a rubuta, in sa hannu su sa hannu, a ɗauki hoton kantoci da waya. Wannan takardar ta fi kare yaron a kan ta kare ni. Makulli kuma ba na barin shi a hannunsu lokacin hutu, kuma na gaya musu dalili: don kada wani abu ya faru a ce su ne.

Hajiya Mai Atamfa:
Wallahi ƙanena ka faɗi gaskiya, Allah ya yi maka albarka. Ni ma yarinyar da ke taya ni, kafin Sallah nake ba ta turminta da kuɗin ɗinki, ba bayan Sallah ba.

Kuma mu daina ɗora wa yara laifin abin da mu da kanmu muke shelantawa. Mu mata masu sayar da kaya ta waya mun fi kowa wannan. Yau ka ɗora hoton dilolin leshi da shadda sun iso daga Kano, gobe ka ɗora hoto a mota ka rubuta an kama hanyar gida sai bayan Sallah. Lambobi nawa ne a wayarka da ba ka san masu su ba? Ka gaya musu akwai kaya, ka gaya musu ba kowa. Har takardar da wasu ke mannawa a ƙofa cewa an tafi hutu za a dawo rana kaza, ni ban ga amfaninta ba. Mai son kaya yana da lambarka.

Mai Wayoyi (Jega):
Ƙanin Kowa, ban yi nufin kowane yaro ba, ka yi haƙuri in maganar ta yi zafi. Ƙirgar nan da sa hannu zan fara ta bana. Amma ina nan a kan cewa a canza kwaɗo kafin doguwar tafiya, musamman in makullin ya bi hannaye da yawa, ko akwai wanda ya bar aiki kwanan nan.

Ƙanin Kowa (Bayan Kara):
Wannan ba laifi, yaya. Canza kwaɗo ba zargin kowa ba ne.

Mai Kayan Masarufi (Birnin Kebbi):
To batun kai kaya gida fa? Ba wanda ya taɓa shi.

Ɗan Gusau Mai Takalma:
A yi hattara da shi, Alhaji. Abu mai tsada marar nauyi, kamar wayoyi, turare, gwal, na'urar POS, littafin bashi da rasit, wannan a ɗauke a jaka ba tare da kowa ya lura ba. Amma ka kira mai kura ko Keke Napep a loda katan-katan da rana tsaka a kai ƙofar gidanka, ka nuna wa unguwa inda dukiyar ta koma. Shago in an fasa, kaya ne suka tafi. Gida in an shiga, akwai mata da yara. Mu nan mun san illar masu kai rahoto, mutum yana zaune kusa da kai yana ƙirga abin da ka shigar. In kuma gidan ma rufe shi za ka yi ku tafi duka, to ba abin da ka yi sai sauya wa ɓarawo adireshi zuwa inda babu maigadi.

Kuɗi kuwa kada a bar ko na canji. Tun wahalar takardun Naira ta farkon 2023 mutane da yawa suka koma ɓoye tsaba a shago. Cinikin jajibiri shi ne mafi yawa, bankuna kuma a rufe suke kwanakin hutu, kowa ya san haka har da ɓarayi. A riƙa karɓar taransifa, abin da ya taru na tsaba a zuba a asusu ta wurin mai POS da aka sani tun da rana, kada a jira dare. A bar aljihun teburin a buɗe, wanda ya leƙo ya ga ba komai.

Baba Mai Shinkafa (Argungu):
Duk kun yi magana mai kyau, amma har yanzu ba ku zo wurin da ciwon yake ba. Maigadi. Ɗan Jega ya ce shina barci. To mi zai hana shi barci? Ku gaya mini nawa kuke ba shi. Tsoho guda, da gora da tocila wadda batirinta ya mutu, ku ba shi shaguna hamsin, ga sauro ga ruwan sama, babu rumfar da zai fake. Wata ya ƙare sai ya bi ku shago shago shina roƙon haƙƙinai, wanga ya ce sai gobe, wancan ya ce ba ciniki. Ranar Sallah kowa na cikin iyalinai da sabbin tufafi, shi ko ƙashin layya ba wanda ya tuna ya aika mai. Da rana kuma dole shi yi wani aiki don ciyar da gida, dare ya yi ku ce kada shi runtsa.

Dukiyar miliyoyi kunka damƙa wa mutumin da kunka bari da yunwa. In ya riƙe amana, tsoron Allah ne nashi, ba don kun kyauta mai ba. Mu abin da munka yi a namu layi, kuɗin gadi ana tara su kahin Sallah, a biya shi wata cikakke da goron Sallah a sama. Kwanakin hutu a ƙara mai mutum biyu, matasa, don mutum guda ba ya gadin dare da rana. A saya musu tocila mai kyau, usur, rigar ruwa, a sa musu kati a waya. Kuma kowace rana akwai mai shago guda cikin waɗanda ba su tahi ba da zai kai musu abinci da nama, shi zagaya bayan shaguna da idonai. Ba ƙofa kaɗai ba, baya da sama. Tun da munka fara haka ba a sake taɓa mu ba, da ikon Allah.

Hajiya Mai Atamfa:
Baba, wannan magana ta shige ni. Matan masu gadin ma a tuna da su a rabon nama.

Mai Sifiya (Zuru):
Gaisuwa ga manya. Ni Kirista ne, ina sayar da kayan gyaran babur. Akwai lokacin da ban ji an ambata ba: safiyar Idi. Daga wajen ƙarfe 8 zuwa 10 gari yakan zama wayam, maigadin ma Musulmi ne, ya tafi filin Idi. Ba dare ba ne, don haka wanda aka gani da mota a ƙofar shago sai a ɗauka mai shi ne.

Mu a Zuru da yake a cakuɗe muke, abin ya zo mana da sauƙi. Ranar Sallah mu muke zama a layi har a sauko. Lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, da mu da 'yan'uwanmu Ibo da ke tafiya gida a Disamba, maƙwabtanmu Musulmi ke duba mana. Ba takarda, ba kuɗi. A Birnin Kebbi ma ai akwai Ibo da Yarbawa da mutanenmu a kasuwa. Ku yi musu magana, ba na jin za su ƙi, domin su ma Disamba na zuwa.

Malamin Islamiyya (Gwandu):
Madalla da wannan shawara, maƙwabtaka kenan. Ina ƙara da cewa inda ba a samu haka ba, sallar Idi a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi, ba farilla ba ce, kuma wanda ta kuɓuce masa an so ya sallace ta shi kaɗai. Don haka maigadin da ya tsaya tsaron dukiyar jama'a a wannan safiya kada a sa shi jin ya yi zunubi. Ana iya yin karɓa-karɓa, wanda ya tsaya a Ƙaramar Sallah ya je a Babba.

Sannan abin da Baba ya faɗa yana da tushe a fiƙihu. Maigadi amintacce ne, ba a ɗora masa biyan abin da aka sace sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ha'inci. Al'adar nan ta a kama shi a ce sai ya biya, ko a riƙe albashinsa, zalunci ne. Kuma jinkirta haƙƙin ma'aikaci alhali kana da halin biya shi ma zalunci ne. Masu cewa tsaro sai Allah, gaskiya ne, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Matashi Mai Shagon Caji:
Allah gafarta Malam, ni dai in mun kama ɓarawo a layinmu ba za mu kai shi ko'ina ba. Ana kai su gobe ka gan su a gari. Jikinsa zai gaya masa.

Tsohon Ɗan Sanda (Kalgo):
Ɗana, kada ka sake faɗin haka, kuma kada ka aikata. Na ga inda aka yi wa mutum ihun ɓarawo aka kashe shi, ashe baƙo ne ya ɓata hanya. Ko ɓarawon gaske ne, in ya mutu a hannunku ku ne za ku amsa laifin kisa, shagon da kake karewa sai dai wani ya buɗe shi. Ku riƙe shi, ku kira hukuma. Abin da ke sa a sake su sau da yawa shi ne mai kaya ba ya zuwa ba da shaida, ko ba shi da rasit ko wata alama da ke nuna kayan nasa ne.

Ga abin da zan ba ku shawara. Shugabannin layi su je wurin DPO na yankinku tun yanzu, da takarda, su gaya masa ranakun da za a rufe da sunayen masu gadi, su karɓi lambar da za a kira da dare. Ranar Sallah yawancin jami'ai suna filin Idi da wurin hawa, in ba ku sanar ba ba wanda zai tuna da lungunku. Akwai kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Masu gadin da za ku ƙara, ko 'yan banga ne, a san gidajensu, a san mai unguwarsu, wani ya tsaya musu. In kamfanin gadi za ku ɗauka, ku nemi ganin lasisinsa. Hukumar Sibil Difens ce ke kula da su, kuma doka ba ta ba su izinin riƙe bindiga ba.

In an wayi gari an fasa, kada a shiga ana tattaɓa kaya ana gyarawa. A ɗauki hoto, a kai rahoto a ranar. A sanar da 'yan kasuwar Jega, Kamba da sauran wurare irin kayan da aka ɗauka, domin ba a cika sayar da su a garin da aka sace su ba. Mu kuma mu daina sayen kayan da aka kawo mana da rabin kuɗi ba rasit. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma mai sayen nan shi ke sa a sake fasa wani shagon.

Mai Kemis (Gesse):
Akwai wanda ya taɓa gwada inshora a cikinku? Ina jin ana maganar takaful.

Ma'aikaciyar Banki:
Akwai ta, yallaɓai. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ba kamfanonin takaful lasisi, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, kuma suna da tsarin gobara da na fasa shago. Tsari ne na taimakon juna, ana zuba gudummawa a asusu ɗaya a biya wanda asara ta samu. Amma a karanta sharuɗɗa da kyau kafin a sa hannu. Galibi sai an ga alamar an shiga da ƙarfi, kamar fasa ƙofa ko rufi. In da makulli aka buɗe, ko ma'aikacinka ne ya ɗauka, wannan wani tsari ne daban. A tambaya kwana nawa aka yarda shago ya zauna a rufe ba kowa, kuma ko tsabar kuɗi na ciki. Za su nemi rahoton 'yan sanda da lissafin kaya, don haka ƙirgar da Ƙanin Kowa ya faɗa a nan ma ita ce za ta yi aiki.

Malamin Islamiyya (Gwandu):
Malamai da dama sun halatta takaful saboda an gina shi a kan gudummawa, ba a kan riba da caca ba. Mai shakka ya kai takardun wurin malamin da ya yarda da shi ya duba masa.

Mai Kayan Masarufi (Birnin Kebbi):
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi magana da shugaban layinmu yanzu, ya amince mu zauna ranar Alhamis bayan la'asar a gaban shagonsa. Abin da zan gabatar: a biya maigadi bashin da yake bin mu da na wannan wata kafin Sallah, a ƙara masa mutum biyu na mako guda, a rubuta sunayen waɗanda ba za su yi tafiya ba a raba musu ranakun zagaye da kai abinci. Zan je wurin maƙwabtanmu masu sifiya da kaina kan safiyar Idi. Takardar DPO kuma, yallaɓai na Kalgo, in ba damuwa ka taimaka mana da yadda ake rubuta ta.

Abin da ya rage shi ne waɗanda ba sa biyan kuɗin gadi, kuma suna da yawa. Ba za a ce maigadi ya tsallake shagonsu ba, tunda ta rufinsu za a bi a shigo namu.

Baba Mai Shinkafa (Argungu):
Ku kai sunayensu ga Sarkin Kasuwa, shi kira su gaban jama'a. Wanda ba shi da hali da gaske, ku ɗauke mai, shi biya da zagayen dare. Wanda ke da hali ya ƙi, ƙungiya ta san yadda za ta yi da shi. Kuma kuɗin kada su kwana hannun mutum guda, a ba maigadi nashi a wurin taron kowa na gani.

Tsohon Ɗan Sanda (Kalgo):
Ba damuwa Alhaji. Ka turo mini adadin shagunan da ranakun da za ku rufe, zan rubuta maka yau da dare, shugaban layi da sakatare su sa hannu. Ku kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi ku dawo da ita.

Mai Walda (Badariya):
Masu son ragar rodi a layin su haɗa kansu su auna shagunan gobe, a sayi rodin a tare ya fi sauƙi. Zan zo da yarana ranar Asabar da safe, mu fara da shagunan da bayansu ke kallon kango.